Taura Biyu a Allo Ɗaya: Abubuwan Mamaki 18 Game da Bidiyo, Daga Njamena Zuwa Cikin Wayarka

Duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet a Njamena ko Kano a zamanin Windows XP, ko ya gaji tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo, ya san wannan abin takaici. Ka kunna fim yana tafiya sumul, ka buɗe na biyu a gefensa, sai ya fito baƙi ƙirin, ko ya riƙa tafiya yana cijewa. Mutane da yawa sun kai na'urarsu wurin mai gyara a kan haka, sun biya kuɗi, alhali lafiyarta ƙalau. Hanyar da aka keɓe wa bidiyo a cikin na'ura ce a ƙidaye take, idan ta cika kuwa ta cika. Sanin wannan yana hana asarar kuɗi, yana tsawaita kwanan batir, musamman a garin da wuta ke da tsada kuma rana ba ta wasa.

1. Fim ɗin ba a kan allon yake ba

A kwamfutocin shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000, manhajar kunna fim ba ta zana fim ɗin a tagarta. Launi guda kawai take shafawa a wurin, baƙi ko kore ko ruwan hoda mai ƙarfi. Shi fim ɗin yana can a wata ma'adana ta daban a cikin katin hoto. A daidai lokacin da katin ke aika hoto zuwa allo, duk inda ya ci karo da wannan launi sai ya ɗauko fim ya cike gurbin. Kamar zana ce da aka yanke wa taga: ta cikinta kake hango tsakar gida, amma tsakar gidan ba a jikin zanar take ba. Wannan ma'adana ta musamman ita za mu kira shimfiɗar bidiyo.

2. Hoton da ba ya ɗaukuwa

Shi ya sa idan ka danna maɓallin ɗaukar hoton allo fim yana tafiya, sai ka sami komai ya fito, da sunan fim, da maɓallan tsayarwa, da agogon da ke kusurwa, amma gurbin fim ɗin baƙi wuluk. Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba. Abin da ke allonta ke nan a nata lissafin, domin ita ba ta ga fim ɗin ba, katin hoto ne kaɗai ya san inda yake.

3. Fim a cikin Paint

Wannan ya ruɗa samari da yawa a shagunan intanet. Ka liƙa wancan baƙin hoto a manhajar Paint, ka jawo tagar ka ɗora a kan inda fim ke tafiya, sai ka ga jarumai suna motsi a cikin hoton da ka ɗauka. Ka adana shi, ka rufe fim, ka sake buɗewa, ya koma baƙi. Katin hoto bai damu da wace manhaja ce ta shafa launin ba, shi dai da zarar ya gan shi a yankin da aka ware wa fim, zai zuba. Da irin wannan dabara ce VLC, wadda ɗalibai suka faro a makarantar École Centrale ta Faris a 1996 aka kuma sake ta kyauta ga kowa a 2001, take iya mayar da fim ya zama hoton bangon kwamfuta.

4. Wanda ya riga zuwa shi ne da wuri

Yawancin katunan hoto na wancan zamani shimfiɗar bidiyo ɗaya tak gare su. Manhajar da ta fara kunna fim ita ke kama ta, kuma ba ta saki sai an rufe ta. Ta biyu idan ta zo ta nema, sai a ce mata an riga ta. Daga nan ɗayan uku ne: ta ƙi kunna fim ƙememe, ko ta ba da sauti babu hoto, ko ta ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta duk aikin da katin hoto ya saba yi. A na'ura mai ƙaramin ƙarfi, na ukun ne ke sa hoto ya riƙa tsalle, baki yana motsi magana tana biyo baya. Wani lokaci ma mai riƙe da shimfiɗar ba ya fili: ƙaramin bidiyo ne a wata tagar da aka manta a buɗe. A Linux ma haka abin yake, tsarin bidiyo na Xv yana da adadin ƙofofin da katin ke bayarwa, kuma a tsofaffin katuna da dama ƙofar guda ce.

5. Fim ɗaya, launi biyu

Ka buɗe fim guda sau biyu, gefe da gefe, sai ka ga ɗaya fes, ɗaya ya dushe ko ya yi duhu. Dalili shi ne shimfiɗar bidiyo tana da nata saitin haske da launi, daban da na sauran allon. Wanda ya sami shimfiɗa ya mori saitin, wanda ya rasa ya bi ta hanyar gama-gari. Masu haɗa bidiyon biki da suna sun sha gyara launin da babu abin da ya same shi saboda wannan.

6. Majigi ya nuna komai ban da fim

A ɗakunan taro na Njamena, inda ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu ke yawan shirya bita, wannan ya kunyata masu gabatarwa da dama a shekarun baya. An jona kwamfutar cinya da majigi, rubutu ya fito a bango tsaf, an zo kan bidiyon wayar da kai, mai gabatarwa yana kallonsa a gabansa, jama'a kuwa baƙin akwati suke gani a bango, sauti yana tashi. A taɓa igiya, a sauya igiya, a hura bakin igiya, a banza. Shimfiɗar bidiyo allo ɗaya kawai take iya yi wa hidima, kuma allon farko take zaɓa. Wanda ya sani sai ya matso ya ce, "Malam, majigin lafiyarsa lau, kashe allon kwamfutar ka bar na bango kawai." Nan take fim ya bayyana.

7. Lissafin da ya jawo haka

Hoto ɗaya na faifan DVD a tsarin ƙasashenmu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Ana sauya shi sau 25 a kowace daƙiƙa. Idan kowane ɗigo zai ci bayit uku, na ja da kore da shuɗi, to kusan megabayit 31 ke nan za a kwasa a kowace daƙiƙa, ga sauya launi, ga faɗaɗa hoto ya cika allo. Ƙwaƙwalwar kwamfutar 1998 ba ta da wannan numfashin, shi ya sa aka gina wa bidiyo hanyarsa ta daban. Faifan VCD, wanda finafinan Kano suka daɗe suna yawo a kansa, 352 ne sau 288, ɗigo 101,376 kacal. Bidiyon 1080 da waya ke ɗauka yau kuwa ɗigo 2,073,600 ne, ninki biyar cif na DVD.

8. Ido ya fi kula da haske a kan launi

Kusan duk bidiyon da ka taɓa kallo an rage masa launi ba ka sani ba. Kowane ɗigo yana da nasa ma'aunin haske, amma ɗigo huɗu ne ke tarayya a bayanin launi guda. Wannan kaɗai yana rage nauyin hoto da rabi, kuma idon ɗan Adam ba ya ankara sai a gefen jan rubutu, inda launin kan ɗan zuba. Mayar da wannan tsari zuwa ja da kore da shuɗi da allo ke fahimta yana cikin manyan ayyukan shimfiɗar bidiyo.

9. Kibiyar linzami ma shimfiɗa ce

Ka lura kwamfuta takan tsaya cak, komai ya daskare, amma kibiyar linzami tana yawo abinta? Ita ma 'yar ƙaramar shimfiɗa gare ta, wadda katin hoto ke ɗorawa a saman komai a matakin ƙarshe. Dalilin da ya sa ba ta fitowa a hoton allo ke nan, sai in manhaja ta musamman ce ta zana ta da gangan.

10. Lokacin da ake haɗa hoto a cikin igiya

A ƙarshen shekarun 1990, wanda ke son kallon DVD a kwamfuta yakan sayi kati na biyu, irin Dxr2 na kamfanin Creative. Sai a ɗauki gajeriyar igiya a bayan kwamfuta, a fito da hoto daga katin farko a shigar da shi na biyu, sannan daga na biyu zuwa allo. Shi katin na biyu yana sa ido a kan launin da aka ware, yana cusa fim a gurbinsa. Idan saitin bai zauna daidai ba, sai a ga siririn zaren launi ya zagaye fim ɗin. Katin wasanni na Voodoo, wanda 3dfx ya fitar a 1996, shi ma da irin wannan igiya yake aiki.

11. Daga silima dabarar ta fito

Ware launi guda a mayar da shi gurbi ya girmi kwamfutar gida da shekaru masu yawa. A 1940 Larry Butler ya yi amfani da shuɗin bango a fim ɗin The Thief of Bagdad, har ya ci lambar Oscar a kan aikin. Mai karanta hasashen yanayi da ke nuna taswira a talabijin ma gaban koren bango yake tsaye. A Njamena kuwa, tarihin allo ya bi wata hanya mai sosa rai. Mahamat-Saleh Haroun ya nuna a fim ɗinsa Bye Bye Africa na 1999 yadda gidajen silimar birnin suka mutu, gidajen bidiyo suka gaje su. Bayan fim ɗinsa Un homme qui crie ya ci lambar alƙalai a bikin Cannes a 2010, aka sake buɗe silimar Le Normandie a watan Janairun 2011, bayan kusan shekara talatin a rufe. Tsawon waɗannan shekaru, ƙaramin allo ne ya raini masu kallon birnin.

12. Talabijin ɗin da ba ya yarda a haɗa hoto biyu

Lokacin da Télé Tchad ta fara aiki a 1987, tsarin launi na Faransa ta bi, wato SECAM, kamar Nijar. Nijeriya kuwa, wadda ta buɗe tasharta ta farko a Ibadan tun 1959, PAL ta ɗauka da launi ya zo. SECAM ba ya aika bayanan launi biyu a tare: layi ɗaya ya ɗauki na farko, layi na gaba ya ɗauki na biyu, akwatin talabijin ya riƙe na baya ya haɗa. Wannan ya sa hoton ya jure doguwar tafiya, amma ya hana a narkar da hotuna biyu cikin juna kai tsaye. Don haka tashoshi da yawa sukan yi aikin cikin gida da wani tsari, sai a bakin fita su mayar da shi SECAM. Kaset ɗin Kano da ya biyo ta Maiduguri da Gamboru da Kusiri ya tsallako gadar Ngeli, idan ya faɗa hannun mai akwatin SECAM zalla, baƙi da fari zai gani. Shi ya sa akwatin da ke karɓar kowane tsari ya yi farin jini a garuruwan kan iyaka.

13. Wasan 1982 da ya ƙara wa gidajen kallo ɗawainiya

Ranar 25 ga Yuni 1982, a gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya, a garin Gijón na Sifen, Jamus ta Yamma ta ci Austiriya 1 da 0. Sakamakon ya ishe su su biyun su wuce, ya kuma fitar da Aljeriya wadda ta riga ta buga nata wasan kwana ɗaya kafin nan. Bayan cin farko, sai ƙungiyoyin biyu suka koma ba juna ƙwallo har aka tashi. Tun daga gasar 1986, wasannin ƙarshe na kowane rukuni a lokaci guda ake buga su. Haka ma ranar rufe Firimiyar Ingila, wasa goma a sa'a ɗaya. To dikoda ta gama-gari tashar guda take iya buɗewa a lokaci ɗaya. Mai gidan kallo a unguwar Dembe ko Mursal ta Njamena, kamar takwaransa na Fagge a Kano, idan yana son nuna wasa biyu sai ya tanadi dikoda biyu, kuɗin wata biyu, talabijin biyu, janareta mai ɗaukar su duka. Ga benci cike da jama'a, rabi sun juya hagu rabi dama, sauti kuwa ɗaya ake saki, don kunne ma taura biyu ba ta taunuwa gare shi. Tsofaffin talabijin masu nuna ƙaramin hoto a kusurwar babba ma sai da na'urar kama tasha biyu, ko kuma a jona wata ta waje.

14. Fatalwowin da ke ƙyaftawa

Na'urar wasa ta Atari 2600 ta 1977 manyan siffofi biyu kawai take iya motsawa a layi ɗaya. Da aka kawo wasan Pac-Man kanta a 1982, ga shi kansa ga fatalwowi huɗu, sai aka sa fatalwowin suka riƙa karɓa-karɓa, kowace ta bayyana sau ɗaya a cikin hotuna huɗu. Shi ya sa suke ƙyaftawa. Famicom ta Nintendo ta 1983, wadda kwaikwayonta masu kaset suka cika kasuwanninmu, tana ɗaukar siffofi 64 a allo, amma takwas kawai a layi ɗaya. Ta tara idan ta shigo, sai wata ta ɓace.

15. An kashe shimfiɗa, ta dawo

A Janairun 2007 Windows Vista ta zo da sabon tsari: kowace taga a zana ta daban, katin hoto ya haɗa su duka kafin su isa allo. Da haka fim goma ma za su iya tafiya tare, hoton allo kuma ya ɗauku. Tsohuwar manhajar da ta dage sai shimfiɗa kuwa, tana buɗewa allo ya ƙifta, adon tagogin Vista, wato Aero, ya kashe kansa har sai an rufe ta. Ba a daɗe ba aka ga cewa sake haɗa allo gaba ɗaya a kowane hoto yana shan batir. Windows 7 ta dawo da shimfiɗar a 2009, Windows 8.1 kuma ta zo da shimfiɗu da yawa a 2013. Su ma ba su rasa nasu ba: ƙiftawar allo da suke jawowa a wasu na'urori ta sa har Nvidia, mai ƙera katin hoto, ta fitar da hanyar kashe su.

16. Wayarka huɗu take ƙirgawa

Bayanan da Google ta rubuta wa masu ƙera waya sun nuna cewa wayoyin Android galibi shimfiɗu huɗu suke da su. Layin sama mai nuna batir da agogo ya ɗauki ɗaya, maɓallan ƙasa ɗaya, manhajar da kake ciki ɗaya, hoton bango ko bidiyo ɗaya. Idan ka raba allo biyu, abin da ya zo a Android 7 a 2016, ko ka bar ƙaramin fim yana shawagi a kusurwa, abin da ya zo wa wayoyi a Android 8 a 2017, kana iya haura ƙidayar. Waya ba ta nuna baƙin akwati kamar da. Sai dai ta tashi injin zane ya haɗa rarar da ƙarfin tsiya, kai kuma ka ji bayanta ya ɗauki ɗumi. A sashen masu ƙera manhaja akwai maɓallin kashe shimfiɗun gaba ɗaya, kuma wasu na yaɗa cewa yana ƙara wa waya gudu. Aiki yake ƙara wa injin zane, batir ne ke biya. A bar shi yadda aka same shi.

17. Iyakar da ɗan Adam ya sa da hannunsa

Baƙin akwatin da a da dole ce ta kawo shi, yau da gangan ake kawo shi. Ɗauki hoton allo kana kallon Netflix, baƙi za ka samu, domin fim ɗin yana bi ta keɓaɓɓiyar hanya da sauran manhajoji ba sa iya leƙawa, don hana satar fasaha. Nvidia ma ta daɗe tana taƙaita katunan GeForce na gida su matse bidiyo biyu kacal a lokaci guda. Ta ɗaga zuwa uku a 2020, biyar a 2023, takwas a 2024, kuma katunan da suka riga suka shiga hannun mutane sun mori ƙarin ta hanyar sabunta manhaja kawai. Ashe ƙarfin yana nan tun farko, manyan katunan ma'aikata masu tsada ake kare wa kasuwa. Mai haɗa bidiyo ya kamata ya san wannan kafin ya zargi na'urarsa.

18. Inda zafi da wuta suka shigo

Na'urar kyamarorin tsaro da ke nuna hoto 16 a allo ɗaya a banki ko babban kanti ba ta buɗe su da cikakken inganci. Kowace kyamara tana aiko hoto biyu, babba na ajiya da ƙarami na kallo, sai ka danna ɗaya sannan babban ya fito. Kiran bidiyo na WhatsApp, wanda ya tashi daga mutum huɗu a 2018 zuwa takwas a 2020 har ya kai 32, shi ma rage ingancin kowace fuska yake yi gwargwadon yawan jama'a. Ko'ina dai dokar ɗaya ce: hanya mai sauƙi a ƙidaye take, abin da ya haura kuwa da wuta da zafi ake biyansa.

A Njamena wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma a ƙasar Chadi kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ke samun wutar lantarki, ga mai kai waya caji shago yana biya da sefa. Waya ko kwamfutar da ta yi zafi zau da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, daga nan bidiyo ya fara cijewa, mai ita ya ɗauka layin Airtel ko Moov ne ya yi rauni. Kafin a zargi layi ko a nufi wurin mai gyara, a rufe duk tagar da ke kunna bidiyo a ɓoye, a kashe kunna-kai na Facebook da TikTok, a sauko da ingancin fim zuwa 480 idan allon ƙarami ne, a cire wa waya riga idan ana caji, a ajiye ta a inuwa. Wanda ke da bita da tsohuwar kwamfuta kuma ya gwada bidiyonsa a majigi tun kafin baƙi su zauna.